Zauren Iyaye da Malamai: Kafin a Ce wa Yaro Ya Ƙara Gudu, a Dubi Takunsa

Da an komo daga hutun Kirsimeti, hunturu yana busawa, sai maganar wasanni ta tashi a makarantunmu. Tun daga tsohuwar Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu har ƙananan makarantun firamare na ƙauyukan Gwaram, akan share fili, a ja layi da toka, a raba yara gida-gida, ja da kore da shuɗi da rawaya. Yaron da rabonsa da gudun kirki tun bara, sai a ce ya zaga fili sau goma kowace safiya, gama ranar gasa ta kusa. Kafin mako uku ya cika, ga wani yana ɗingishi, wani ya ɗaure gwiwa da tsumma, wata kuwa tana cewa ƙwaurinta kamar ana soka mata allura. A makaranta a ce ragwanci ne. A gida a ce ciwon girma ne, zai wuce.

Ya ku iyaye da malamai, da yawa daga cikin irin wannan ciwo yakan nuna alama tun bai zo ba, alamar kuwa tana cikin yadda yaron yake gudu. Kowane baba ko mama ko malamin aji yana iya ganinta. Kayan aikin ba su wuce ido da kunne da tsintsiya ba.

Nauyin da ƙafa take ɗauka

Bari mu fara da lissafi. A cikin tafiya, kullum akwai ƙafa ɗaya a ƙasa. A cikin gudu kuwa akwai lokacin da ƙafafu biyu duk suna sama, sa'an nan jiki ya faɗo a kan ƙafa ɗaya. Ƙarfin wannan faɗowa yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin mai gudun. Yaro mai kilo 40, kowane taku nasa yana ɗora wa ƙafa abin da ya kai kilo 100, wato buhun masara guda. In tsawon takunsa mita 1 ne, a kilomita 1 zai yi taku 1,000, kowace ƙafa ta karɓi buhun nan sau 500.

Jiki yana da shirin karɓar wannan nauyi. Kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26, tafin ƙafa kuma a lanƙwashe yake kamar baka. Agara, wato babbar jijiyar nan da ke bayan dunduniya, takan miƙe ta komo kamar robar danƙo. Gwiwa takan ɗan durƙusa ta sha sauran nauyin. In waɗannan duka suna aiki tare, yaro ya yi ta gudu lafiya. In kuwa takun ya karkace, nauyin yakan taru a wuri ɗaya, yau da gobe har wurin ya gaji.

A kan wannan akwai bambancin yaro da babba. Ƙashin yaro yana tsiro ne daga bakunansa, inda akwai guringuntsi da bai gama ƙosawa ba. A nan ne ciwo ya fi kama yara masu tasowa.

A tsaya a gefe

Ku sa yaron ya yi gudu na matsakaici, kamar mita 50, ya wuce ta gabanku sau uku ko huɗu. Kada ku gaya masa abin da kuke dubawa, gama in ya sani zai gyara taku domin ya burge ku. In akwai wayar hannu mai ɗaukar hoton bidiyo, a ɗauka, a maimaita a hankali, a tsayar daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa.

Tambaya ta fari ita ce, ina ƙafar take sauka? Kuskuren da ya fi yawa shi ne miƙa ƙafa can gaba da jiki. Yaro yana ji ana ihu, ana ce masa ya buɗe ƙafa, sai ya wurga ta gaba, gwiwa a miƙe sak, yatsu suna kallon sama, dunduniya ta caki ƙasa. Wannan taku birki ne. Kowane lokaci sai jikin ya ɗan tsaya, kamar mai keke da yake tuƙi yana matsa birki, girgizar kuwa ta bi ƙwauri ta hau gwiwa. Abin da ake so shi ne ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jiki, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙwauri a tsaye. Tsawon taku na kirki daga baya yake fitowa, wato daga ƙarfin da ƙafar baya ta tura ƙasa da shi.

Sa'an nan a dubi gangar jiki. Ya kamata yaro ya miƙe, ya ɗan karkata gaba kaɗan tun daga idon sawu, idonsa yana duban gaba. Wanda ya sunkuya daga ƙugu kamar mai noma, da wanda ya gantsare ya jefa kai baya sa'ad da ya gaji, duka biyu suna wahalar da bayansu. Hannuwa kuma a lanƙwashe a gwiwar hannu, suna kai da kawowa gaba da baya. Kafaɗu a sake, yatsu a dunƙule sama-sama, kamar an riƙe ƙwai ba a so ya fashe.

A kasa kunne, a ƙidaya

Kunne yakan ji abin da ido bai gani ba. A kan faƙo, mai taku mai kyau ba ya yawan ƙara. Wanda ake jin dif, dif, dif tun daga nesa, yana dukan ƙasa ne, ƙasa kuma tana rama masa. In ƙarar ƙafa ɗaya ta fi ta ɗayar, wato yana kāre wata ƙafa ke nan, ko da bai ce tana ciwo ba. Sau da yawa, in aka ce wa yaro kawai ya yi gudu shiru kamar kyanwa, da kansa yakan rage miƙa ƙafa.

Akwai kuma ƙidaya. A gasar Olimfik ta 1984 a Los Angeles, wani mai horarwa Ba'amurke, Jack Daniels, ya zauna yana ƙirga takun manyan masu tsere, ya tarar kusan dukansu suna yin taku 180 ko fiye a minti guda. Wannan lamba ba doka ba ce, gama su gwanaye ne cikin tsere, kuma yawan taku yakan bi sauri da tsawon ƙafar mutum. Amma ƙidayar tana da amfani. A 2011 masu bincike a Jami'ar Wisconsin a Amurka sun nuna cewa in mai gudu ya ƙara yawan takunsa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba tare da ya ƙara sauri ba, nauyin da ke sauka a gwiwa yakan ragu.

Ga yadda ake yi. Ku ƙirga sau nawa ƙafar dama ta taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30, ku ninka da 4. In kun sami 40, takunsa 160 ke nan a minti. In saurayi ne dogo, yana miƙa ƙafa, yana kuma kukan gwiwa, a kai shi wajen 168, ba fiye ba da fari. Malami yana iya tafa hannu ko ya buga ganga a daidai wannan sauri, yaron yana bi. Taku gajere, da yawa, marar ƙara.

A koma baya

Yanzu ku tsaya a bayansa yana gudu yana nisa da ku. Ku sa ido a kan bakin wandonsa a ƙugu. Ya kamata ya zauna kusan daidai. In kowane lokaci da ya taka ƙafar dama sai ɓangaren hagu na ƙugu ya zube ƙasa, gwiwar dama kuma ta faɗa ciki kamar za ta gogi 'yar'uwarta, to tsokar gefen mazaunai ba ta da ƙarfi. A 2018 masu bincike a Jami'ar Salford a Ingila sun gwada masu gudu masu ciwo da masu lafiya, suka ga wannan zubewar ƙugu ita ce alamar da ta fi fitowa a wurin masu ciwon.

Ana iya gwada wannan a tsakar gida. Yaro ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya durƙusa kaɗan a hankali, ya miƙe, sau biyar. Gwiwa ta riƙa kallon yatsan da ke kusa da babban yatsa. In tana rawa, ko tana shiga ciki, akwai aiki a gaba. Maganin kuwa muna da shi tun kaka da kakanni, wato langa. Mai yin langa yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana riƙe da ɗayar, yana kāre kansa kada a ka da shi, wannan kuwa shi ne ainihin ƙarfin da gudu yake bukata. Sai dai a riƙa sauya ƙafa, kada kullum a tsaya da ta dama, a kuma yi a kan ƙasa mai laushi. Tsallen igiya da 'yan mata suke yi shi ma yana ƙarfafa sharaɓa da idon sawu. Hawa da sauka a kan dakali da ƙafa ɗaya, sau goma kowane gefe, kwana uku a mako, yana da amfani ƙwarai.

Ga 'yan mata akwai wata magana. Zane yana ɗaure cinya, sai yarinya ta koyi wurga ƙafafu gefe domin ta sami hanyar gudu. Iyaye mata, a ɗinka mata wando mai yalwa wanda ya sauko ƙasa da gwiwa, ga mutunci ga sakewa.

A karanta sawu

Maharba da makiyaya na ƙasarmu sun iya bin sawu. Da sun dubi ƙasa sai su ce wannan saniya tana ɗingishi da ƙafar baya. Haka ma za mu yi da yaranmu. A share wuri mai rairayi da tsintsiya, kamar mita 20, irin wanda ake samu a gindin rafi da rani. A ja layi miƙaƙƙe a tsakiya, yaro ya taho da gudu ya bi ta kan layin.

Abu uku za a duba. Na fari, sawun dama ya kasance a dama da layi ko a bakinsa, na hagu kuma a hagu. In suna tsallake layin suna shiga gonar juna, yaron yana saƙa ƙafafu, wannan kuwa yakan jawo ciwon ƙwauri da na gefen gwiwa. A ce masa ya bar layin a tsakanin ƙafafunsa. Na biyu, a auna tsakanin sawu da sawu da kara. In takun ƙafa ɗaya kullum ya fi na ɗayar gajarta, akwai dalili, sai a tambaye shi inda yake masa ciwo. Na uku, a dubi inda yatsu suke fuskanta. Ɗan buɗewa waje ba kome ba ne. Amma in ƙafa ɗaya ce kaɗai ta juya waje sosai, musamman in a da ba haka take ba, wannan magana ta wuce ta malamin wasa, za mu komo kanta a ƙasa.

Da takalmi ko ba takalmi?

Iyaye sukan yi wannan tambaya, gama takalmin gudu yana da tsada. Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya ci gudun famfalaki na Olimfik a Roma a 1960 ba takalmi, kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 2 da minti 15. A 1964 a Tokyo ya sake ci, wannan karo da takalmi, cikin awa 2 da minti 12. Ashe gwaninta tana wurin mai ƙafar.

A 2010 Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya nuna cewa yaran Kenya da suka tashi ba takalmi sun fi sauka a kan gaban tafin ƙafa, saukarsu kuma ba ta da girgiza mai yawa. Mutane da yawa a Turai da Amurka suka ji haka suka yar da takalma, waɗansu kuwa suka ji ciwo, domin ƙafarsu ba ta saba ba. A 2013 wasu masu bincike suka je wurin mutanen Daasanach a arewacin Kenya, su ma ba sa sa takalmi, suka tarar yawancinsu da dunduniya suke sauka. Saboda haka kada a tilasta wa yaro ya yi gudu a kan yatsu. Ko wane ɓangaren tafin ƙafa ne ya fara taɓa ƙasa, abin lura shi ne kada ƙafar ta yi nisa da jiki.

Yaron da ya saba tafiya ba takalmi yana iya gudu haka a filin da aka tsince, babu tsidau, babu ƙusa, babu fasasshen kwalba. A kan tsakuwa da duwatsu irin na kewayen Birnin Kudu sai da takalmi. Kambas mai sauƙin kuɗi ya isa, in dai ya yi daidai da ƙafa, da sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsu. Silifa kuwa ba ta gudu ba ce, gama yatsu sukan ƙanƙame ta don kada ta fita, taku ya lalace. Takalmin yaya da ya cinye ta gefe ɗaya yakan karkatar da ƙafar ƙane. Gudu a bakin babbar kwaltar da ta taho daga Kano ta ratsa Birnin Kudu kuma a hana shi sam, saboda motoci. In ƙusa ko ƙaya ta shiga da zurfi, a wanke da sabulu, a je a yi allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora.

Abin da ba a taɓawa

Ba kowane baƙon salo ne ake gyarawa ba. Haile Gebrselassie na Habasha, wanda ya ci zinariya a tseren mita 10,000 a Olimfik na 1996 da na 2000, yana gudu da hannun hagu a lanƙwashe dabam da na dama. Tun yana yaro yakan yi gudun kilomita 10 zuwa makaranta da littattafai a wannan hannu, hannun ya saba. Bai hana shi kome ba. Yaro mai ɗan gwame, ko mai karkata kai, in ba ya jin ciwo kuma yana gudunsa da daɗi, a ƙyale shi. Inda ake gyara kuma, abu ɗaya ake ɗauka a lokaci guda, a yi ta maimaitawa makonni. In aka cika wa yaro kunne da umarni biyar, sai ya sandare ya rasa ta yi.

Ciwon da ba a yi masa shiru

Akwai ciwo iri biyu da yawanci ba su da haɗari amma suna son hutu. Yara masu shekara 10 zuwa 15 sukan sami ƙullutu mai zafi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, inda jijiya take jan ƙashin da yake tsiro. Likitoci suna kiransa Osgood-Schlatter, da sunan likitoci biyu da suka bayyana shi a 1903. 'Yan ƙasa da haka kuma, kamar shekara 8 zuwa 14, sukan yi ciwon dunduniya saboda agara tana jan ƙashin. Duka biyu sukan lafa in an rage gudu da tsalle, su ƙare in ƙashi ya ƙosa. Yaro mai irin wannan gwiwa, ba a ba shi horon tsallen kwaɗo.

In targaɗe ne a idon sawu, a kwantar da ƙafar a ɗaga ta sama, a riƙa ɗora tsumma mai ruwan sanyi na randa. Kwana biyu na fari ban da gashi da ruwan zafi, ban da murza mai ƙarfi, gama suna ƙara kumburi. In yaron ya kasa yin ko taku huɗu a kan ƙafar, a je a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja ta.

Amma ga waɗanda ba a jira. Ɗingishi tare da zazzaɓi, ko gaɓa mai zafi da kumburi, yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashi ko gaɓa, wannan kuwa na ranar nan ne, ba na gobe ba. Ciwon ƙwauri da yaro zai iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, wanda kuma ba ya barinsa ko da dare, yana iya zama ƙashi ne ya fara tsagewa. Saurayi mai tasowa, musamman mai jiki, da yake ɗingishi, ƙafa ɗaya ta juya waje, yana kukan cinya ko gwiwa, mai yiwuwa kan ƙashin kwatangwalo ne yake zamewa, ko da gwiwa yake nunawa. A hana shi taka ƙafar, a kai shi asibiti. Yaro mai sikila kuma, sanyin asuba na hunturu da ƙishirwa sukan ta da masa ciwo, kwatangwalonsa ma yana iya lalacewa a hankali, saboda haka sai da shawarar likita zai shiga tsere. Ga Asibitin Tarayya a Birnin Kudu, ga kuma ƙananan asibitoci a garuruwanmu. Kuɗin mota na yini ɗaya ya fi sauƙi bisa ga ɗingishi na har abada.

Shiri kafin ranar gasa

Ko taku ya yi kyau kamar me, in aka ɗora wa ƙafa aiki mai yawa farat ɗaya za ta gaza. Huhu da zuciya sukan saba da gudu da wuri, amma ƙashi da jijiya sun fi su jinkiri. Shi ya sa yaro yakan ji numfashinsa ya ƙaru, ya ƙara gudu, sai ƙwauri ya kama. Muna roƙon shugabannin makarantu su fara shiri mako shida ko takwas kafin gasa. Da fari gudu kwana uku a mako ya isa, ana haɗawa da tafiya, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, da ranar hutu a tsakani. Sauri ya haifi nawa.

Kowace rana a fara da sassarfa na minti goma don jiki ya ɗumama, balle da sanyin hunturu. In gasar ta kai watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40, a yi ta da sassafe ko da la'asar sakaliya, a ajiye ruwan sha a bakin fili. Yaron da yake da zazzaɓi, ko bai daɗe da tashi daga shi ba, ya zauna a inuwa ya yi tafi, ko da shi ne gwanin gidansu. A tuna kuma da tafiyar da yara suke yi zuwa makaranta, da ɗiban ruwa, da kiwo. Duk aiki ne a kan ƙafa ɗaya ɗin nan, sai a sa shi cikin lissafi.

A wannan mako, kowane gida ya ɗauki minti goma da yamma. A share ƙofar gida, a ja layi, a sa yara su wuce da gudu ɗaya bayan ɗaya. A duba ta gefe, a duba ta baya, a saurara, a karanta sawu, a kuma tambayi kowane yaro ko akwai inda yake masa ciwo. In ya ce akwai, a gaskata shi. Abin da kuka gani ku gaya wa malamin wasa, ku kuma rubuto mana, za mu amsa tambayoyinku a wannan fili. Allah ya ba 'ya'yanmu lafiya. Sai wata mai zuwa.